Miyar Attaruhu ta Gida: Yadda Ake Haɗa Ta da Adana Ta a Zafin Maiduguri

Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da amfanin noman rani ke shigowa Maiduguri, kasuwar Gamboru takan yi jajir da kayan gwari. Kwanduna da buhunan attaruhu da tattasai da shambo suna sauka daga motoci tun da asuba, kashin da mai sayarwa ke tsibawa yana ƙara girma, kuɗinsa kuma yana raguwa. Watanni uku ko huɗu bayan haka, idan bazara ta ƙare damina ta fara sauka, labari yakan sha bamban. Amfanin lambu ya ƙare, na damina bai nuna ba, uwargida ta miƙa kuɗin da ta saba sayen kwano guda da shi a zuba mata 'yan ƙwayoyi a tafin hannu.

Wannan tazara tsakanin araha da tsada ce ke sa gidaje da dama a babban birnin na Jihar Borno sayen attaruhu da yawa a lokacin da ya faɗi, su jajjaga shi, su soya cikin mai, su ɗura a kwalabe. Wasu na kiran haɗin miyar attaruhu, wasu soyayyen jajjage, matasan masu girki kuma kan ce sos. Da shi ake cin sinasir da waina da burabisko, da shi ake raka awara da ƙosai da soyayyen dankali, kuma cokali guda nasa kan wadatar da farantin shinkafa da wake a ranar da ba a samu damar yin miya ba.

Sai dai kwalabar da aka cika a watan Maris ba lallai ta kai Yuni lafiya ba. Akwai fahimtar da ta yaɗu cewa yajin attaruhu da man da ke kwance a samansa sun isa su hana shi lalacewa. Masana kimiyyar abinci ba su yarda da haka ba. Abubuwan da ke kare haɗin su ne ƙarancin ruwa a cikinsa, da tsami, da gishiri, da sanyi, kuma wanda ya san aikin kowane ɗaya daga cikinsu shi ne zai iya sanin kwana nawa kwalabarsa za ta yi.

Inda barkonon ke fitowa

Duk da irin kakkafuwar da ya yi a tukunyar Bahaushe da Babarbare, barkono baƙo ne a nahiyar Afirka. Asalinsa nahiyar Amurka, inda mutanen Meziko da na kudancin nahiyar suka shafe dubban shekaru suna nomansa. Bayan tafiyar Christopher Columbus ta 1492, jiragen Turawa suka ɗauko irinsa, fataken Fotugal kuma suka kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16. Kafin zuwansa, masoro da kimba da citta su ne ke ba miya yaji a wannan yanki, kuma har yau suna nan cikin kayan ƙamshi.

A ƙasar Borno, barkono ya samu matsuguni a bakin ruwa. Lambunan da ke gefen kogin Ngadda da kewayen madatsar ruwa ta Alau da yankin Jere suna ciyar da birnin da ɗanyen kayan miya. Can arewa kuma, a gaɓar kogin Komadugu Yobe, garin Damasak na ƙaramar hukumar Mobbar da jihar Diffa ta Jamhuriyar Nijar da ke tsallaken ruwa sun yi suna wajen noman jan tattasai, wanda a Diffa ake yi wa laƙabi da jan zinare saboda kuɗin da yake kawo wa manoma. Mafi yawansa busar da shi ake yi, kuma Maiduguri na daga cikin manyan kasuwannin da yake bi kafin ya bazu cikin Najeriya.

Rikicin Boko Haram ya taɓa wannan hanya kai tsaye. Mayaƙan sun kama Damasak a watan Nuwamba 2014, sai a Maris 2015 dakarun Chadi da Nijar suka ƙwato garin. A shekarar 2015 ɗin, hukumomin Nijar suka kafa dokar ta-ɓaci a Diffa tare da hana cinikin tattasai da kifi, bisa zargin cewa mayaƙan na samun kuɗi daga harajin da suke ɗora wa fatake. Ba a ɗage haramcin tattasan ba sai a watan Oktoba 2017.

A cikin birnin ma masifu sun yi ta bin juna. Gobara ta cinye babban sashe na kasuwar Monday Market a watan Fabrairu 2023. A watan Yuni 2024, lokacin da tumatir da attaruhu suka yi tsadar da aka daɗe ba a gani ba a faɗin ƙasar, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100. Sannan a ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da kasuwanni da gonaki, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar. Iyalin da suka ga waɗannan abubuwa a jere ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan amfanin tanadi.

Abin da ke sa shi yaji

Sinadarin da ke sa barkono yaji sunansa kafsaisin. Mutane da yawa na ɗauka a cikin 'ya'yan yake, alhali mafi yawansa yana jikin farin naman da 'ya'yan ke maƙale da shi a tsakiyar barkonon. Wanda ke son rage yaji sai ya kankare wannan farin nama, domin zubar da 'ya'yan kaɗai ba ya rage komai sosai.

A 1912 wani masanin haɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro ma'aunin yaji da har yau ake kira da sunansa. A wannan ma'auni, dangin attaruhu kan kai tsakanin 100,000 zuwa 350,000, dogon barkono irin shambo yana ƙasa da haka nesa, manyan tattasai marasa yaji kuwa suna kusa da sifili. Wannan ne ya sa masu girki ke haɗa su: attaruhu ya ba da yaji da ƙamshi, tattasai ya ba da kauri da jan launi da ɗan zaƙi, shambo ya tsaya tsakani.

Kafsaisin ba ya ƙona harshe a zahiri. A 1997 masanin kimiyya David Julius da abokan aikinsa suka gano cewa yana taɓa wata kafa a jijiyoyin jiki wadda aikinta shi ne sanar da ƙwaƙwalwa idan zafi ya haura kusan digiri 43 a ma'aunin Salshiyas. Ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka wuta ce, ta sa gumi da hawaye. Binciken ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian.

Abu biyu ke fitowa daga wannan bayani waɗanda suka shafi ɗakin girki. Na farko, kafsaisin yana narkewa cikin mai, ba ya narkewa cikin ruwa, shi ya sa man da aka soya attaruhu a ciki yake ɗaukar yajin gaba ɗaya, kuma shi ya sa nono ko madara ke kwantar da raɗaɗin baki fiye da ruwan sanyi. Na biyu, yaji aiki ne da ke faruwa a jijiyar mutum. Ƙwayoyin cuta da fumfuna ba su da wannan jijiya, kuma duk wanda ya taɓa ganin kwandon attaruhu ya ruɓe a kasuwa ya san yajinsa bai cece shi ba.

Zaɓe da wanki

Aiki yana farawa ne tun a gaban mai sayarwa. Attaruhun da ya dace da ajiya shi ne mai tauri da sheƙi, wanda hancinsa ke kore. Wanda ya yi laushi ko ya fashe ko ya fara ruwa, da ake warewa gefe a sayar da rahusa, zai iya shiga miyar da za a ci a ranar idan an yanke ɓataccen wurin, amma bai kamata ya shiga kwalabar da za ta kwana ba. Ruɓaɓɓen ƙwaya ɗaya kan shigar da fumfuna cikin tukunya guda.

Bayan an cire hanci, sai a wanke da ruwa mai tsafta sau biyu ko uku. Wannan mataki na da muhimmanci a birnin da ambaliya ta gurɓata rijiyoyi da dama, har gwamnatin jihar ta sanar da ɓarkewar kwalara a watan Oktoba 2024. Idan ana shakkar ruwan, a tafasa shi a bar shi ya huce. Daga nan a baza barkonon a faifai ko kwando a inuwa har ya tsane sarai. Ɗanyen barkono kusan kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, kuma duk aikin da zai biyo baya ƙoƙari ne na raba shi da wannan ruwa, don haka babu dalilin ƙara masa wani.

Saboda haka ne jajjage a turmi ya fi markaɗe a inji dacewa da wannan haɗi. Mai inji yakan zuba ruwa don kayan su wuce, sau da yawa daga bokitin da ya yini a buɗe, kuma ragowar markaɗen wanda ya gabata kan biyo cikin na baya. Wadda za ta yi amfani da blanda a gida za ta iya zuba ɗan mai maimakon ruwa, ta bar haɗin da ɗan gari-gari, kada ya yi laushi kamar kunu.

Hanya ta farko: suya cikin mai

Ga gida matsakaici, ana iya ɗaukar attaruhu rabin kilo, tattasai rabin kilo, manyan albasa uku, tafarnuwa dunƙule ɗaya, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, man gyaɗa kofi ɗaya da rabi, da gishiri kamar cokali ɗaya na cin abinci. Wanda ba ya jure yaji sai ya rage attaruhu ya ƙara tattasai.

Za a fara zuba jajjagen a tukunya mai faɗin baki ba tare da mai ba, a bar shi a buɗe kan wuta matsakaiciya har ruwansa ya ƙone ya yi kauri. Wannan dabara na rage yawan man da za a buƙata da kuma fantsama. A wata tukunyar, a soya yankakkiyar albasa cikin man har ta yi ja, sannan a juye jajjagen a kai, a rage wuta. Daga nan sai juyawa da haƙuri, domin suyar kan ɗauki minti 40 zuwa awa guda, kuma idan aka bar ta ta kama ƙasan tukunya, ɗaci zai bi haɗin duka.

Masu girki na gane ta yi ta alamu uku. Launi yakan tashi daga ja mai haske zuwa ja mai duhu. Tururi yakan ɗauke, manyan ƙwai-ƙwan tafasa su koma ƙanana, ƙarar suyar ta yi ƙasa. Sannan mai yakan rabu da barkonon ya taso sama garau. Muddin tururi na tashi, da sauran ruwa a ciki.

A Maiduguri, inda bandar kifin Tafkin Chadi ke sauka a kasuwar Tashar Baga, wasu kan daka busasshen kifi su zuba cikin minti goman ƙarshe, wasu su ƙara daddawa ko kimba. Wannan ya kusanta haɗin da shito na ƙasar Gana, wanda ake yi da garin barkono da garin kifi da busasshen jatan lande a soya har ya yi baƙi. Shito yakan daɗe ne saboda yawancin kayansa busassu ne tun farko. Haɗin da aka yi da ɗanyen attaruhu da ɗanyar albasa ba shi da wannan gata, kuma kifin da aka ƙara masa yana ƙara wa ƙwayoyin cuta abinci.

Haɗarin da ke ƙarƙashin mai

Man da ke kwance a saman kwalaba yana hana iska shiga, kuma hakan na jinkirta fumfuna. Amma akwai ƙwayar cutar da rashin iska shi ne abin da take nema. Sunanta Clostridium botulinum, tana zaune cikin ƙasa, don haka takan biyo kayan lambu, musamman albasa da tafarnuwa da ke girma cikin turɓaya. Idan yanayi bai yi mata ba takan dunƙule cikin wani ƙwanso mai tauri wanda tafasar ruwa ta digiri 100 ba ta kashe shi. Masana'antun abincin gwangwani sai sun kai digiri 121 ƙarƙashin matsin tururi. Idan ta samu wuri mai danshi da ɗumi, babu iska kuma babu tsami, sai ta farka ta fitar da guba mai shanye jijiyoyi.

Kwalabar jajjagen da bai gama soyuwa ba, aka rufe shi da mai aka ajiye a ɗaki mai zafi, ta cika waɗannan sharuɗɗa. Cutar ba ta da yawa, amma tana kisa, kuma abincin da ke ɗauke da gubar ba lallai ya yi wari ko ya sauya ɗanɗano ba. A 1985 mutane da dama sun kamu da ita a birnin Vancouver na ƙasar Kanada bayan cin tafarnuwar da aka adana cikin mai, aka sake samun irin haka a jihar New York ta Amurka a 1989. Daga nan hukumomin Amurka suka wajabta wa kamfanoni sanya sinadarin tsami cikin irin wannan haɗi.

Alamomin sukan bayyana tsakanin awa 12 zuwa 36 bayan cin abincin: gani biyu-biyu, nauyin fatar ido, bushewar baki, wahalar haɗiya da magana, sai raunin jiki da ke saukowa daga sama zuwa ƙasa har ya kai ga numfashi. Yawanci babu zazzaɓi. Wanda aka ga haka a tare da shi asibiti za a kai shi nan take, a tafi da ragowar abincin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ita gubar, saɓanin ƙwanson, zafi na lalata ta idan abinci ya kai digiri 85 na tsawon minti biyar ko fiye. Wannan ne ya sa sake tafasa miyar kafin ci yake da amfani, ko da ba ta nuna alamar lalacewa ba.

Hanya ta biyu: tsami da gishiri

Masana na auna tsamin abinci da ma'aunin pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa. Ƙwayar da ake magana a kai ba ta iya fitar da guba idan lambar ta yi ƙasa da 4.6. Barkono da albasa da tafarnuwa duka suna sama da wannan iyaka, don haka sai an kawo musu tsami daga waje.

Hanya mafi sauƙi ita ce ruwan khal, wato binega, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 kamar yadda akan rubuta a jikin kwalabarsa. Ga rabin kilo na jajjagen barkono, a zuba khal kofi biyu, kimanin rabin lita, da gishiri cokali ɗaya, a tafasa minti 15 zuwa 20, a markaɗa, a ɗura da zafinsa cikin kwalabar da aka tafasa. Ba a sa mai a wannan haɗi. Ruwan lemon tsami da jiƙaƙƙiyar tsamiya, wadda mutanen Borno suka saba da ita a kunu da abin sha, suna ƙara tsami da ɗanɗano, sai dai ƙarfinsu yakan bambanta daga wannan zuwa wancan, don haka ya fi kyau su zama ƙari a kan khal.

Akwai kuma tsimi. A auna jajjagen, a zuba gishiri giram 25 zuwa 30 ga kowane kilo, a danna shi cikin kwalaba har ruwansa ya rufe shi, a rufe ba da ƙarfi ba don iskar da ke tasowa ta samu mafita. Gishirin yakan danne ƙwayoyi masu ruɓarwa ya bar masu sa tsami, irin waɗanda ke mayar da madara nono da masu tsamar da ƙullun koko. A zafin Maiduguri aikin kan yi sauri, cikin mako guda haɗin yakan yi tsami mai daɗi. Daga nan a ƙara masa khal a tafasa kafin a ɗura. Idan fumfuna mai launin kore ko baƙi ta fito, ko wari ya tashi, zubarwa za a yi. Bisa wannan tsari ne aka gina miyar Tabasco da Edmund McIlhenny ya fara yi a jihar Louisiana ta Amurka a 1868: barkono da gishiri a tsima su cikin ganga har shekara uku, sannan a gauraya da khal.

A nan ne wata al'adar girki ke cin karo da ajiya. An saba jefa 'yar kanwa cikin miya don kashe tsamin tumatir, kuma Borno ta daɗe da sanin kanwa, domin ungurnu daga yankin Tafkin Chadi fatake ke ɗauko ta zuwa ƙasar Hausa. A miyar da za a ci yau babu laifi. A haɗin da za a adana kuwa, kanwa ko bakin soda na rushe ainihin katangar da ake ƙoƙarin ginawa, tunda aikinsu shi ne kashe tsami. Haka ma daddawa: ko da yake tsimammiya ce, irin tsiminta ba mai sa tsami ba ne, don haka ɗanɗano kawai take ƙarawa.

Zafi, wuta da kwalaba

A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40, wato daidai lokacin da kwalaben da aka cika a rani ke zaune a ɗaki. Wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce. A watan Janairu 2021 mayaƙa suka rusa turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu, birnin ya shafe watanni cikin duhu, lamarin da ya kai ga gina tashar wuta mai amfani da iskar gas mai ƙarfin megawat 50 da aka ƙaddamar a watan Maris 2023. Firij ɗin da ke yin sanyi da dare ya huce da rana ba za a lissafa shi a matsayin cikakkiyar kariya ba.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a zafin ɗaki, a riƙe shi ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60. Bisa wannan, soyayyar miyar attaruhu abinci ce ta gajeren zango. A firij mai aiki za ta yi kimanin mako guda. A firiza, an rarraba ta cikin ƙananan robobi, za ta yi watanni. Inda babu ko ɗaya, abin da ya fi shi ne a yi daidai na kwana biyu ko uku, a riƙa mayar da ita wuta tana tafasa sosai kafin kowane ci. Haɗin khal shi ne mai dogon zango: a rufe, a wuri mai inuwa, yakan yi watanni, idan an buɗe kuma a gaggauta cinye shi ko a sa a sanyi.

Kwalabar gilashi, irin ta mayonis ko ta zuma, ta fi roba, domin ana iya tafasa ta da murfinta minti goma a kife ta ta bushe. Ƙananan kwalabe sun fi babba guda, saboda wadda aka buɗe kaɗai ke fuskantar iska da hannu. Cokalin ɗiba ya zama busasshe mai tsafta, kada wanda ya shiga baki ko faranti ya koma ciki. Murfin da ya kumbura, ko kumfa, ko fumfuna, duka alamu ne na zubarwa. Kwashe saman a ci na ƙasa ba ya kawar da haɗarin.

Gidan da ke son tsawaita ran ɗanyen barkonon kansa zai iya amfani da randa cikin randa, dabarar da Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Bushewar ruwan na janye zafi, kuma dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta Borno. Sanyinta ya isa ya riƙe ɗanyen attaruhu kwanaki, amma bai kai na firij ba, don haka ba ta dace da dafaffen haɗi ba. Busarwa ma hanya ce da aka gada, musamman a hunturu, muddin an shanya a kan tabarma ko wani abu da ke sama da ƙasa, aka kuma tabbatar ya bushe ƙayau kafin a zuba a buhu. Barkonon da aka tara da sauran danshi yakan yi fumfunar da ke fitar da gubar afalatoksin, wadda ke da alaƙa da kansar hanta, kuma dahuwa ba ta kawar da ita.

Lafiyar mai haɗawa da mai ci

Wadda za ta gyara attaruhu mai yawa za ta iya sa safar hannu ko leda, ko ta shafa mai kafin ta fara, ta wanke da sabulu bayan ta gama, ta kuma kiyaye idonta da jikin jariri. Hayaƙin suyar yana sa tari da shaƙewa, don haka tsakar gida ta fi rufaffen ɗaki, a nisanta yara da masu asma.

Game da gyambon ciki, binciken likitocin Ostireliya Barry Marshall da Robin Warren, wanda ya ba su lambar Nobel a 2005, ya nuna cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa mafi yawansa, sai kuma yawan shan wasu magungunan kashe ciwo. Barkono ba shi ke kawo gyambon ba, amma yana iya tsananta raɗaɗi ga mai shi da mai ƙwannafi da mai basir. Abin da ya fi cancantar lura ga masu hawan jini shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 a yini, kuma haɗin da aka zuba wa gishiri da dunƙulen ɗanɗano tare yana iya cinye babban kaso na wannan adadi cikin 'yan cokula.

Ga matan da ke sayar da awara da ƙosai a bakin titi, da masu ɗura haɗin a kwalabe suna tallatawa ta wayar hannu, waɗannan ƙa'idoji sun shafi lafiyar mutanen da ba su ga yadda aka yi girkin ba. Duk abincin da aka ɗura aka rufe don sayarwa yana buƙatar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Kafin a kai ga rajista, mai ƙaramar sana'a za ta iya rubuta ranar haɗi a jikin kowace kwalaba, ta auna tsami da takardar gwajin pH da ake samu a shagunan kayan ɗakin gwaji, ta kuma gaya wa mai saye ko haɗin na firij ne ko na ajiya.

Ga uwargidan da ta tarar da attaruhu ya faɗi a Gamboru cikin watan Fabrairu, lissafin da ya fi mata shi ne ta raba kwandon gida uku. Kaso ɗaya ta soya don cin makon, kaso ɗaya ta haɗa da khal da gishiri don watannin tsada, na ukun ta shanya don yaji. Idan wuta ta ɗauke ko kwalaba ɗaya ta ɓaci, sauran biyun suna nan har sabon amfani ya shigo kasuwa.